Kawu Ba Ya Yanke Ƙafa

Masu ɗaukar hoto ne suka sa mata Mai Shafi, sunan kuwa ya bi ta har gida, don ko maigidanta in yana son tsokanarta da shi yake kiranta. Aikinta ke nan: mai hoto ya kawo mata hotunansa, ita kuma ta gina masa shafi a intanet, inda masu neman mai hoto za su shiga su ga aikinsa, su ga lambarsa, su kira shi. In ka ji a baki sai ka ce aikin hutu ne, mutum na zaune a inuwa yana danne-danne. To, a tambayi wuyanta da gadon bayanta, su za su ba da labari.

Ɗakin aikinta ɗan ƙarami ne a saman wani shagon ɗinki. Tebur ne da kwamfuta, da fanka mai kuka kamar tana neman a sallame ta, da kujerar da sai an cusa mata matashi kafin ta zaunu. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo. Daga ƙasa kuwa kekunan ɗinki ne ke ta gurnani wuni sur, har ta kai in sun yi shiru sai ta ji kamar wani abu ya lalace.

Su kuma masu hoto, Allah dai ya ba mai yi musu aiki haƙuri. Wannan ya ce a ƙara wa sunansa girma, in an ƙara ya ce ya rufe hoto. Wancan ya ce a buga tambarinsa a tsakiyar fuskar amarya don kar a sace masa aiki. Wani ya turo hotuna tuli ya ce ta zaɓi masu kyau, in ta zaɓa ya kira ta yana tambayar laifin me sauran suka yi mata. Da abin ya ishe ta sai ta zauna ta yi ƙira guda ɗaya ta ajiye, kowa ya zo ita take zuba masa, sai dai ta sauya launi da suna. Hotuna ne a jere cikin ƙananan akwatuna masu kusurwa huɗu, kamar tayil a bango. Manhajar da kanta take neman fuskar mutum ta sa ta a tsakiya, ta datse sauran ta zubar. Samarin masu hoto suna son ƙirar, ita ma ta huta da gardama. Sai dai tun daga lokacin ta daina kallon hotuna. Zuba su kawai take yi, kamar mai zuba hatsi a injin niƙa.

Wata rana da hantsi tana dafe da ƙeya sai ta ji ana hawo bene ana haki. Ɗan kawunta ne, abokin wasanta, wanda yake da teburin sayar da caja da marfin waya a bakin titi.

"Mai Shafi, haka za ki tsufa a wannan kejin? Ko tsuntsu aka sa a nan ai sai ya kai ƙara."

"Mai Caja, ka zo ka sayar mini da cajar da za ta mutu kafin ka sauka benen ne?"

"Waccan ma ke kika kashe ta da mugun riƙo."

Ya ture wasu takardu ya zauna a gefen tebur. Sai ta ga dariyar ta gudu daga fuskarsa.

"Maganar Baba ce ta kawo ni," in ji shi. "Kin dai san halin da shagon nan yake ciki. Sai ya wuni a zaune babu wanda ya ɗaga labule. Kowa da kyamararsa a aljihu. Gwiwarsa kuma kin san ta. Na ce masa ya huta, ya ba ni shagon in shigar da kayana, in bar shan rana a bakin titi. Ya ƙi."

"Ai ba zai yarda ba."

"Ya yarda da rabi. Kin ga sabon ɗakin taron nan da aka buɗe? Suna neman mai hoto na dindindin. Ya ɗauki albam ɗinsa ya je. Manajar ta ce ita ba ta da lokacin buɗe albam, a turo mata shafi kafin ƙarshen mako ta duba a waya. To, mun yi alkawari da shi a gaban Inna. In ya samu aikin, shago nasa ne, ba zan sake ɗaga maganar ba. In bai samu ba, zai miƙo mini makulli."

Ta dube shi. "To kai da kake son makulli, me ya kawo ka wurina?"

Ya sosa kai. "Don kar gobe ya ce ni na hana shi. Ki yi masa mai kyau, wanda ya fi na kowa. In ya faɗi, ya faɗi da gaskiya."

Aiki ya yi mata yawa a makon, ga wani mai hoton bukukuwa da ke kiranta kamar ta ci masa amana. Amma Kawu ne, yayan mahaifiyarta. Da mahaifiyar ta rasu, a shagon nan ta riƙa wuni in an tashi daga makaranta, tana aikin gida a kan akwatin fitilu. Ta rufe kwamfuta ta bi bayan Mai Caja.

Shagon yana nan yadda ta san shi, sai dai komai ya ƙara dusashewa. Ga labulen nan mai zanen lambu da matakala, wanda koren ganyensa ya koma kalar ruwan wanki. Ga kujera mai hannu da aka sassaƙa, wadda rabin garin ya taɓa zama a kanta. Ga dogon madubi da mataji a rataye. A bakin ƙofa kuma ga ɗan benci, da buroshi da gwangwanin man takalmi da tsumma a ninke. Tun tana yarinya suke nan, ba ta taɓa tambayar dalili ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar dalilin ƙofar gidansu.

Mutanen unguwa Kar-a-motsa suke ce wa Kawu, don kalmar da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara. Ita kuma Uwata yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Uwata, ashe kina gari? Na ɗauka intanet ɗin ya haɗiye ki."

"Kawu, ina wuni? Ya gwiwa?"

"Gwiwa tana nan tana mulki. Zauna, zauna."

Ya jawo albam, ya fara. Wannan malamin makaranta ne, ranar da aka ƙara masa girma. Wannan direba ne da ya zo da matarsa da 'ya'yansa, aka sha fama kafin ƙaramin ya daina kuka. Kowane hoto da tarihinsa, kowane tarihi kuma da reshe. Wayarta tana ta ruri a jaka. Tana gyaɗa kai, idonta a kan albam, hankalinta a kan aikin da ta baro.

"Kawu, lokaci. Kana da su a kwamfuta?"

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ɗan filas ɗin kwamfuta a ɗaure da zare. "An kwafe mini su tuntuni. Na zauna na zaɓa da kaina. Duk wanda ke ciki, a sa shi."

Ta karɓa ta jefa a jaka.

Ba ta ɓata lokaci ba. Da ta koma ta buɗe ƙirarta ta kullum, ta zaɓa masa launin toka mai kamala, ta rubuta sunan shago da lambarsa, ta juye hotunan gaba ɗaya. Manhaja ta yi aikinta, akwatuna suka jeru reras. Ta leƙa saman shafin ta ga fuskoki sun fito tas, ta ce alhamdu lillahi, ta koma kan mai hoton bukukuwa, wanda a yanzu kuma so yake sunansa ya riƙa walƙiya.

Washegari da rana ta kai wa Kawu shafin a wayarta. Ya goge tabarau, ya karɓi wayar da hannu biyu kamar an miƙo masa jariri. Ya duba. Ya sa yatsa ya tura hoton malamin makaranta sama, sai wani hoton ya taso. Ya dawo da shi, ya sake turawa. Ya karkata wayar yana leƙen ƙasanta, kamar sauran hoton ya zame ya faɗa ciki.

"Uwata."

"Na'am, Kawu."

"Ina ƙafafunsu?"

"Ƙafafun wa?"

"Mutanen nan. Duk an yanke su daga ƙirji. Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Ta yi ajiyar zuciya. "Kawu, haka ake yi yanzu. Manhaja ce take daidaita su, don su jeru su yi kyau a waya. Fuska ake nema."

"Fuska?" Ya ajiye wayar a kan albam. "Fuska ai da ita mutum ya kwana ya tashi, ba shi ya zaɓe ta ba. Takalmi kuwa shi ya je kasuwa ya zaɓa, ko ya je ya aro, saboda zai zo gabana. Kin san mutum nawa suka zauna a bencin can suna goge takalmi kafin su tsaya? Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa yanke wa mutum ƙafa ba. Wanda ya koya mini ma, in ka yanke ƙafa, ranar ba ka ƙara taɓa kyamara."

"Kawu, wannan manajar tana tafe ne za ta duba. Daƙiƙa kaɗan za ta ba ka. Wallahi ba za ta nemi takalmin kowa ba."

"To ta nemi wani mai hoton."

"Hotunanka dogaye ne, kuma masu nauyi. In na bar su yadda suke shafin zai yi ta jan ƙafa kafin ya buɗe, ga yawansu. Tana ganin ya ƙi buɗewa za ta wuce."

"Ta wuce ɗin."

"Shagon fa? Ka manta alkawarin da ka yi?"

Ya cire tabarau ya ninke a hankali. "Ban manta ba. Amma gara in miƙa makulli da hannuna da a ce ga aikin Kar-a-motsa, a nuna mutane guntu-guntu. Ki sauke shi kawai. Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari."

Wannan sa albarkar ce ta fi ƙona mata rai. Ta miƙe tana saɓa jaka.

"Kawu, ni fa na gaji. Kowa da abin da yake so, ni ce dai ba a tambaya. Wani suna, wani launi, kai kuma ƙafa. Na gaji, wallahi."

Ta fita, ta kusa tuntuɓe da ɗan bencin.

Da ta koma ɗakin aiki niyyarta ta sauke shafin ta huta. Sai kuma zuciya ta ce mata, bari dai ki nuna masa. Ki kashe datsewar, ki ɗauki hoton yadda shafin zai hargitse ki tura masa, ya gani da idonsa. Ta shiga ta kashe.

Ya kuwa hargitse. Akwatuna suka wargaje, wani hoton ya yi tsawo, wani ya ture ɗan'uwansa gefe. Ta ɗaga hannu za ta ɗauka, sai idonta ya sauka a ƙasan hoton farko.

Malamin makarantar nan da ya sha kunu kamar alƙali, ashe takalminsa sabo ne dal, har takardar shago tana leƙowa a gefen dunduniya, bai ɓare ba. Ta matsa gaba. Ga wani saurayi cikin rigar kammala karatu, takalmin ya fi ƙarfinsa, ana ganin gibi a bayan ƙafar, na wani babba ne a gidansu. Ga wata mata ta yi ado har ƙasa, ta ɓoye ƙafa ɗaya a bayan ɗaya, irin ɓoyon wanda ya san igiyar takalminsa ɗinki ce. Ga direban da iyalinsa, ƙaramin da aka sha fama da shi ashe a kan ƙafafun ubansa yake tsaye, shi ya sa ya yi shiru.

Ta gyara zama. Rabon da ta kalli hoto haka har ta manta.

Can wajen ƙarshe, inda jiya ko leƙawa ba ta yi ba, ta ci karo da mahaifiyarta.

Ta san hoton, akwai ƙaraminsa a gidanta, wanda aka yanke don ya shiga firam: fuskar uwa a ɗaure, fuskar yarinya a kumbure. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauka ranar faɗa aka yi mata. Yanzu ga shi cikakke. Yarinyar ba takalmi a ƙafarta. Takalman suna hannun uwar, ta riƙe su ta igiya ta sauke hannun ƙasa, 'yan jajaye masu maɓalli. Sai ta tuna su, ta tuna yadda suke matse mata ɗan yatsa, ta tuna ta yi ta shure-shure har suka fita. Ƙafar uwar kuma ta fito daga cikin nata takalmin, ta ɗora babban yatsa a kan ƙafar yarinyar tana danne ta a hankali don ta tsaya. Da ta sake duban fuskar sai ta gane ba fushi ba ne. Dariya ce matar take dannewa.

Kekunan ɗinki suna ta gurnani a ƙasa. Ta daɗe a zaune, hannunta a kan baki.

Daga nan ta ɗauki wayarta ta juya ta a hannu. Waya dai doguwa ce, tsaye take kamar mutum. Ita da kanta ce ta riƙa cusa wa wayar akwatuna don ta huta da gardama. Ta ja tsaki, ba ta san ko wa take yi wa ba, ta buɗe sabon shafi fari fat ta fara daga tushe.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Hoto ɗaya ne zai cika fuskar waya, daga hula har takalmi, in ka tura sama wani ya taso. Kowane hoto sai ta bi shi da hannu, ta rage masa nauyi yadda zai buɗe da wuri ba tare da ya dushe ba, ta gwada a babbar waya, ta gwada a ƙarama, ta sauka ƙasa ta ari tsohuwar wayar tela ta gwada. Mai hoton bukukuwa ya kira har ya gaji ya fara turo saƙon murya. Wuyanta ya ƙage, sai da ta juya jiki gaba ɗaya in za ta dubi ƙofa. Maigidanta ya ce in ta ci gaba haka zai kai ta wurin makanike a sa mata mai.

Ana jibi wa'adi ta koma shagon. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta miƙa masa waya.

Ya duba malamin makaranta daga sama har ƙasa. Ya tura. Ya duba direba. Ya tura.

"Amma da sharaɗi, Kawu," in ji ta. "Na bar maka ƙafa, kai kuma ka bar mini yawa. Ba za a sa su duka ba. Kaɗan za mu zaɓa, waɗanda mutum zai gani kafin ya gaji."

"Duka masu kyau ne."

"Na sani. Amma ba duka za a sa ba."

Aka zauna zaɓe, kuma ranar ta ga taurin kai. Duk wanda ta ce a cire sai Kawu ya ce ai wannan marigayi ne, ko ai wannan 'yarsa tana nan a bayan layi, in ta ji an cire ubanta fa? Ta ce Kawu, shafi ne ba maƙabarta ba. Ya yi fushi ya juya mata baya, ya kuma juyo da kansa. Mai Caja ya leƙo ya ga yadda ake ciki ya ce shi dai ba ruwansa, ya gudu. Da suka zo kan hoton mahaifiyarta Kawu ya dube ta ta saman tabarau.

"Wannan fa?"

"Wannan ka ba ni shi. Ba na shafi ba ne."

Ya gyaɗa kai. Shi kaɗai ne aka cire ba gardama.

Ta tura wa manajar shafin, amma Kawu ya ce shi ba ya neman aiki daga nesa kamar mai jifa, sai ya je. Dole ta raka shi. Suka tarar ana ta jera kujeru a ɗakin taron, ana ɗaura ƙyalle a jikin ginshiƙai. Manajar mace ce mai saurin tafiya, waya a kowane hannu, tana magana da wannan tana nuna wa wancan inda zai ajiye tebur. Ta gaishe da Kawu da ladabi, ta sa aka kawo masa kujera, ita kuwa ba ta zauna ba.

"Baba, na ga saƙon, ban samu na buɗe ba. Bari in duba yanzu."

Mai Shafi ta riƙe numfashi. Shafin ya buɗe nan take, ta saki numfashin. Manaja ta tura, ta tura, ta ɗan rage sauri.

"Aikinka yana da kyau, Baba. Amma gaskiya zan faɗa maka, kar in ja ka. Taronmu gudu ake yi. Mai hoto sai ya bi amarya, ya hau kujera, ya durƙusa, ga bidiyo, ga kyamarar nan mai tashi sama. Akwai wasu samari da na riga na gama magana da su."

Kawu ya dafa gwiwa. "Ba komai, ranki ya daɗe. Na gode da kika faɗa mini a fuska."

Ya fara yunƙurin tashi. Mai Shafi ta kama masa hannu, ta ji duk gajiyar makon ta sauko mata a kafaɗa lokaci guda. Ashe duk wahalar banza ta sha.

Manajar dai ba ta ɗaga kai daga wayar ba. Ta tsaya a kan hoton matar nan mai ado har ƙasa.

"Tsaya, Baba. Duk haka kake ɗauka? Har ƙasa?"

"Ban iya wani ba."

"Ka san abin da ke kawo mini ƙorafi bayan kowane taro? Mata. Mace ta yi wata guda tana zarya wurin tela, ta nemo takalmin da ya dace da jaka, a ƙarshe a turo mata hoto daga wuya zuwa sama. Har ni ake yi wa faɗa, kamar ni na riƙe kyamarar." Ta nuna wani lungu kusa da ƙofar shiga. "In na ba ka can fa? Ka kawo labulenka da fitilarka ranar taro. Duk wanda ya shigo ya tsaya ka ɗauke shi cikakke kafin kwalliya ta lalace. Ba gudu, ba hawa kujera."

Kawu ya dubi lungun. "A bakin ƙofa? Kamar mai gadi?"

"Kawu," in ji Mai Shafi a hankali.

"Ni da nake da shago, a ce in koma rakuɓe a bakin ƙofar mutane?"

"Abin da nake da shi ke nan, Baba," in ji Manaja. Wayarta ɗaya ta fara ruri.

Kawu ya sake duban wurin. Ya taka zuwa lungun yana ɗingishi, ya dubi inda haske yake shigowa, ya ja da baya yana auna nisa da ido. Sannan ya juyo, idonsa ya sauka ƙasa, kan takalmin manajar da ya yi furu-furu da ƙurar zirga-zirga. Ya sa hannu a aljihu ya zaro tsumman nan nasa a ninke ya miƙa mata.

"Goge, ranki ya daɗe, ki zo ki tsaya nan in gwada hasken wurin."

Ta dubi tsumman, ta dubi takalminta, ta fashe da dariya. Ta miƙa wa Mai Shafi wayoyin duka biyu, ta sunkuya ta goge. Kawu ya ciro kyamara daga jaka.

"Ɗaga haɓa kaɗan. Haɗa ƙafa. Yawwa. Kar a motsa."

Maganar makulli kuwa sai da aka kai ta gaban Inna, matar Kawu, don Mai Caja ya ce aikin da aka yi alkawari a kansa ba shi aka samu ba, Kawu kuma ya ce aiki dai aiki ne. Inna ta ce tunda rabin aiki aka samu, a raba shagon. Yanzu in ka shiga, caja da marfin waya ne suke fara tarbarka, sai ka wuce ciki ka tarar da lambun da ya koɗe da kujera mai hannu. Uba da ɗa suna wuni suna faɗa a kan bencin goge takalmi, wai yana tare wa masu sayen caja hanya. Bencin dai bai motsa ba.

Ita kuwa Mai Shafi ba ta samu hutun da take nema ba. Samarin da suka samu babban aikin sun ga shafin Kawu a wayar manaja, suka kira ta suka ce irinsa suke so. Mai hoton bukukuwa ma ya ce ya fasa walƙiyar, a yi masa irin na tsohon nan. Ta ce masa hotunansa ai duk daga ƙirji suka tsaya, ƙafar wa za ta sa masa? Ya ce ita dai ta san yadda za ta yi.

Tana ajiye wayar sai ga kiran Kawu.

"Uwata, kina kusa da injin naki?"

"Ina kusa, Kawu."

"Hoton direban nan. A wayar Inna, bakin takalminsa na hagu yana taɓa ƙasan gilashi. A ɗan ɗaga shi, ya samu wurin tsayawa."

Ta rufe ido, ta murza ƙeya. A gefen kwamfutar ga sabon firam dogo, uwa da 'ya da 'yan jajayen takalma. Ta zame nata takalmin a ƙarƙashin tebur, ta gyara matashin kujera.

"To, Kawu. Bari in duba."